An yi hutu, na gaji liƙis, amma ban san me yarana suka koya ba

Wata matashiyar malama da ke koyarwa a wata firamaren gwamnati nan cikin birnin Kano ce ta turo wannan tambaya ranar da aka raba sakamako. Tace: "Hajiya wannan ne karo na farko da aka damƙa min aji nawa na kaina, aji uku, yara 94. Tun Satumba ban zauna ba, daga lesin not, wato rubuta shirin darasi, sai makin littattafan yara sai bita sai cike fom, ga jarrabawa ga haɗa maki. Yanzu an yi hutu ina jin na sha aiki sosai, amma da za a tsare ni a ce me yaran nan suka ƙaru da shi wallahi bani da amsa. Ya ake waiwayar zango a gane ko an yi abin kirki?"

Toh ƙanwata, da farko dai sannu da aiki, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri ya sa albarka a ɗan abin da ake samu. Na fara da wannan ne don na san da wuya in wani ya ce miki shi ranar da aka tashi, ranar kowa ta kansa yake yi, ga iyaye a bakin ofis ga yara suna ihu ga neman adaidaita. Gajiyar da kike ji kuma ta gaske ce. Ni shekarata 26 a wannan aiki, 10 daga ciki ina riƙe da makaranta, amma har yau in Disamba ta kama muryata dashewa take yi, sai na yi kwanaki ina shan citta da kanumfari kafin ta dawo.

Zangon farko ya fi kowanne cin rai, kuma da dalili. Yara sun dawo daga dogon hutu rabin abin da suka iya ya zube, ga sabbin ɗauka iyaye na ta kawowa har cikin Oktoba, ga ragowar damina, ajin da rufinsa ke yoyo sai a kwashe yaran a haɗa da na kusa, ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara da malamai a daidai lokacin. A wasu shekarun kuma Maulidi da Takutaha kan faɗo wajen farkon zangon, ki haɗa da hutun 1 ga Oktoba, ki haɗa da ranar da masu riga-kafi za su shigo, da ranar da za a ce duk malamai su tafi tantancewa, da fom ɗin ƙidayar makarantu, da baƙi daga ofishin sakataren ilimi ko daga SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha. Kafin ki ankara hunturu ya shigo, yara na zuwa a makare suna rawar ɗari hanci na zuba, tagogi babu murfi, sai ga jarrabawa. Duk wannan aiki ne, kuma yana cin jiki. Sai dai abin da na daɗe kafin na gane shi ne, mutum zai iya yin wata uku yana gudu a cikin makaranta ba tare da yaron da ke layin baya ya ƙaru da harafi ɗaya ba. Don haka in za ki waiwaya, ki ajiye maganar yawan abin da kika yi a gefe, ki nemi abin da ya shiga kan yaro, shi ne abin da za a tambaye mu gobe ƙiyama kuma shi ne abin da malamin aji huɗu zai gada.

Ki fara da rajista, in tana ofis ki roƙi hedimasta ya baki ko ki ɗauki hotonta a waya. Ki ƙirga kwanakin da aka yi darasi na gaske. Zango dai sati 13 ne ko kusa da haka, kwana 65 kenan a takarda. Ki cire satin farko don mu duka mun san shara da ciyawa da rabon aji ake yi, ki cire satin bitar darussa, ki cire satin jarrabawa, ki cire satin makin da haɗa sakamako da yara ke yini suna wasa a fili. Saura sati 9, kwana 45. A ciki ki cire ranakun hutun gwamnati, da ranakun da kika tafi bita aka bar ajin hannun monita, da ranar da ruwa ya hana kowa fitowa, da ranar da ke kanki ba ki da lafiya, sannan ki tuna Juma'a da wuri ake tashi. Za ki ga abin da ya rage bai fi kwana talatin da wani abu ba. Shi kuwa sikim, wato jerin darussan zango, an tsara shi ne kamar kowace rana za a shiga aji a yi minti 35 cif a kowace firiyod. Shi ya sa in malama tazo min tana cewa Hajiya ban gama sikim ba bana tayar da hankalina, wadda ke tayar min da hankali ita ce wadda zata ce ta gama tas har da ragowar lokaci, don na san da wuya a ce ba gudu ta yi ta bar yaran a hanya ba. Wannan lissafin zai sauke miki wani nauyi daga zuciya, kuma zai nuna miki inda kwanaki ke tsiyayewa, wasu ba yadda za ki yi da su, wasu kuwa kamar satin farko da satin makin ana iya ceto su.

Bayan nan ki sake karanta rajistar amma a kwance, wato ki bi layin kowane yaro daga farkon zango zuwa ƙarshe. A nan labarai suke. Akwai wanda duk Litinin baya zuwa, akwai wadda ta yi sati biyu cur ta ɓace a Oktoba, akwai wanda sunansa kawai kika sani. Ki ja layi ƙarƙashin duk wanda ya yi fashin sama da kwana 10, ki tambayi kanki ko kin san dalili. Na taɓa samun wata yarinya a aji huɗu da kullum sai bayan an dawo daga tara take shigowa, malamin ajin ya gaji da tsayar da ita a bakin ƙofa, aka kawo min ita a matsayin mai taurin kai. Da na zaunar da ita na bata ruwa ta sha muka yi hira, ashe uwarta ce kwance tun bayan haihuwa, ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai kai niƙa, ita ce mai fita da ƙosai kafin ta sa yunifom. Yarinyar da ba ta wuce shekara 10 ba. Duk zangon nan Hausa da lissafi da ake yi kafin tara ba ta taɓa samun ko ɗaya ba, sai ta samu na bayan tara kawai. Mun je gidan ni da wata dattijuwa cikin matan SBMC, kwamitin al'umma mai kula da makaranta, ba mu je da faɗa ba, mun je dubiya ne, a nan aka daidaita wata maƙwabciya ta karɓi kai niƙan. Ba kowace matsala ke warwaruwa haka ba, amma ba za ki ma san da ita ba in rajistar ƙarya ce. Abin da nake nufi, in kin san akwai ranakun da ba ki kira suna ba sai ranar Juma'a kika zauna kika cike ta da ka, toh ki faɗa wa kanki gaskiya, zango mai zuwa ki gyara. Kiran suna 94 yana cin lokaci na sani, ki raba su layi-layi kowane layi da shugabansa ya faɗa miki wanda babu, minti biyar an gama.

Akwai wani ɗan gwaji da nake sa malamaina su yi a ƙarshen zango, ki gwada shi wata rana da daddare bayan kin sallami yaranki na gida. Ki rufe rajista ki ɗauki farar takarda ki rubuta sunayen 'yan ajinki da ka. Masu ƙoƙari za su fara zuwa, sai masu ƙiriniya, sai 'ya'yan waɗanda kika sani a unguwa, daga nan biro zai tsaya. Sai ki buɗe rajista ki ga su waye ba ki tuna ba. Yawanci su ne masu shiru, basa faɗa basa kuka basa ɗaga hannu, suna zuwa su zauna a ƙasa can jikin bango su kwafa abin da suka iya su tafi. Waɗannan su ne zangon ya wuce ta kansu.

Sai littattafan rubutu. Kar ki ɗauki na 'yan layin gaba, ki nemi guda goma na waɗancan da kika manta, in an koma ki karɓa. Ki buɗe shafin Satumba ki buɗe na Disamba ki ajiye su gefe da gefe. Kuma ki yi hattara da kyawun rubutu, yana yaudara ƙwarai. Yaranmu gwanayen kwafa ne, yaro zai zana miki duk abin da ke kan allo tsaf kamar an buga da inji, ki nuna masa kalma ɗaya a ciki kice karanta sai ya sunkuyar da kai. Haka ma amshi, in kika faɗa suka maimaita da ƙarfi har ajin kusa na ji sai ranki ya yi daɗi kice sun iya, alhali yara shida ko bakwai ne ke jan ragama sauran bin baki suke yi. Ni kaina na yi shekaru a farkon aikina ina auna darasi da ƙarfin amshi, har ranar da wata tsohuwar hedimistires ɗinmu, Allah ya jiƙanta, ta shigo ajina ta goge allon ta rubuta kalma uku da ba mu taɓa yi ba ta fara kiran yara ɗaya bayan ɗaya. Na kasa barci ranar.

Wannan shi ya kawo mu kan abin da ya fi komai muhimmanci a amsar nan, wato ki zauna da kowane yaro shi kaɗai ki ji da kunnenki. Gani ya kori ji. Ki samu kwali guda ki raba shi gida biyar. Gidan farko haruffa kamar goma a hargitse, ba a jere ba don sun haddace waƙar, ki sa har da ɓ da ɗ da ƙ da sh da ts. Gida na biyu gaɓoɓi, ba, ki, mu, ɗo, tsa, kwa. Na uku kalmomi masu sauƙi irin su gida, tulu, rago, ƙofa, makaranta. Na huɗu jimloli uku ko huɗu gajeru. Na biyar ɗan labari mai layi shida ko bakwai da kika ƙirƙira da kanki, da tambaya biyu a kai don ki san ko ya fahimta ko furtawa kawai yake yi. Ki fara masa daga jimloli, in ya wuce ki haura da shi labari, in ya cije ki sauko da shi kalmomi, haka har ki samu inda ƙafarsa ta taka ƙasa, sai ki sa alama a gaban sunansa. Ba maki, ba bulala, ba dariya, kice masa wasa za mu yi. Wannan dabara ba tawa bace, wata ƙungiya ce mai suna Pratham ta fito da ita a Indiya inda su ma suke fama da cunkoson aji irin namu, an kuma gwada irinta nan Kano a makarantun Wudil da Dawakin Tofa wajen 2019, ana raba yara gwargwadon inda karatunsu ya tsaya maimakon gwargwadon ajinsu. Za ki ce yara 94 yaushe za a gama. Ki yi lissafi, minti uku kowane yaro, minti 282 kenan, bai kai awa biyar ba. In kika ɗauki yara 20 a rana, a satin farkon nan na Janairu da dama ba wani darasin kirki ake yi ba, zuwa ranar Juma'a kin gama, kin ceto satin kuma kin samu amsar tambayarki a rubuce. Da an yi irinsa a Satumba da yanzu sai dai ki kwatanta kawai, amma ba komai, na Janairu shi zai zama ma'aunin da za ki duba in an zo ƙarshen zango na biyu.

Ki shirya zuciyarki, abin da za ki gani zai iya sosa miki rai. A aji uku irin naki ba abin mamaki bane ki tarar da tarin yara a gidan haruffa, har da wasu da suka ci maki mai kyau a jarrabawa, saboda jarrabawarmu yawanci malama ce ke karanta tambaya da baki yara su zagaye A ko B, ga zama a cakuɗe kafaɗa da kafaɗa kowa na ganin takardar ɗan uwansa. Ba laifinki bane ke kaɗai, shekara biyu suka yi kafin su zo hannunki. Amma daga ranar da kika sani ya zama amana a wuyanki.

Wani abu da nake so ki lura da shi wajen gwajin, wanda ba a cika faɗa mana a kwalejin horon malamai ba. Kusan duk yaran nan suna zuwa makarantar allo ko Islamiyya, da yawansu sun wuce babbaƙu sun shiga farfaru tun kafin su iya riƙe fensir. Kenan sun riga sun san cewa baƙi shi kaɗai baya magana sai an sa masa wasali, sun san ba, bi, bu tun a gaban alaramma. Wannan jari ne babba da muke wofintarwa. Ranar da na fara ce wa yara a, i, u ɗin nan na boko su ne wasalin sama da wasalin ƙasa da rufu'a da kuka sani, sai dai a nan a gefen baƙin ake ajiye su, wallahi sai na ga idanu suna buɗewa. Hausa kuma tana da sauƙin karantawa don yadda ake furta ta kusan haka ake rubuta ta, wasula biyar ne, gaɓa kuma yawanci ko baƙi da wasali ko baƙi da wasali da baƙi, yaron da ya kama wannan a sati shida zai iya fara haɗa kalma. In ya iya karatu da harshen da yake mafarki da shi, Turancin ma zai zo masa da sauƙi fiye da a ce an fara tura masa abin da bai san ma'anarsa ba. Haka kuma in kika ga yaro na fara rubutu daga dama, ko yana juya b ta koma d, kar ki ce daƙiƙi ne, hannunsa ne ya saba da allo, nuni yake buƙata kawai. Wanda kuwa kullum yake kanne ido ko yake tasowa har gaban allo, ko wanda sai kin ɗaga murya yake waigowa, ki dawo da shi gaba ki kuma gaya wa iyayensa a duba ido da kunne.

Lissafi ma haka za ki yi masa, gane lamba daga 1 zuwa 9, sai daga 10 zuwa 99, sai tarawa, sai ɗebewa mai aro. A nan za ki sha mamaki. Yarinyar da ke tallan gyaɗa ki ce mata an sayi ta 150 an baki 500 nawa ne canji, kafin ki rufe baki ta ce 350. Ki rubuta mata 500 a sama 150 a ƙasa ki ja layi sai ta rubuta 450, saboda ta ɗebe ƙarami daga babba a kowane gida ba ta san zancen aro ba. Lissafin yana kanta, hanyar sauke shi a takarda ce ba a nuna mata da kyau ba. Ki sa yara su tara miki murafen lemo da tsinken tsintsiya in an koma, a ɗaure tsinke goma-goma da kyauro, in aka kwance ɗauri ɗaya a gabansu sun ga aro da idonsu.

Game da makin da kika cike a katin sakamako kuwa, bari in faɗa miki abin da ke raina. Na san yadda ake yi, yaro ya ci 12 a jarrabawa sai a ɗaga masa CA, wato makin gwajin cikin zango, don kar katin ya yi muni, don kar uba ya zo da faɗa, don kar a ce ajin malama wance an faɗi. Tausayi ne ke sa mu, amma kitso ne ake yi da kwarkwata. Yaron zai yi ta haurawa da makin aro har aji shida, ranar jarrabawar shiga sakandare a ajiye masa takarda ya kasa karanta sunan darasin, lokacin kuma shekara shida sun tafi. In kin yi haka a wannan zangon ba sai kin tona wa kowa ba, amma ki ajiye ainihin makin a wani littafi naki na daban don ke ki san gaskiya. Sannan in takardun jarrabawar suna hannunki ki ɗan zauna da su a hutun nan ki duba wace tambaya ce mafi yawa suka faɗi, in kashi biyu cikin uku sun faɗi tambaya ɗaya toh darasin ne bai shiga ba, ki sa shi a gaba a Janairu. Zancen na ɗaya da na biyu har zuwa na 94 kuma ni ba ya burge ni ko kaɗan, iyaye suna so shi ya sa ake yi, amma yaron da ya tashi daga rashin sanin harafi ya koma haɗa kalma ya fi wanda ya zo na biyar tafiya mai nisa a zangon, kuma katin ba zai nuna ba sai dai ke ki faɗa masa da bakinki a gaban 'yan uwansa.

Iyaye, ki tuna su waye suka zo karɓar sakamako da ƙafarsu su waye suka aiko yaya ko ƙanin uba. Mafi yawan iyayen yaranmu suna kasuwar Kwari ko Kurmi ko Singa ko bakin tasha tun safe, uwaye kuma suna cikin gida, rashin zuwa ba rashin kulawa bane koyaushe. Ki nemi lambar waya ko guda 20 ta iyayen waɗanda suka fi baki tsoro. Kira ɗaya na minti biyu da za ki ce Baba yaronka yau ya karanta kalma biyar, yana yin aikin da wasiƙar gayyata goma ba ta yi.

Sai ke kanki. Ki tambayi kanki wace rana ce kika koma gida kina jin daɗi, me kika yi ranar, ki maimaita shi. Wace rana ce kuma ranki ya ɓaci har kika ɗaga bulala ko kika faɗi kalmar da kike nadama. Ba don ki zargi kanki ba, don ki gano musabbabi, sau da yawa za ki ga ranar ba ki karya ba, ko kin kwana kina rubutun lesin not na darasi takwas, ko bayan tara ne lokacin da yunwa ta kama yaran da ba a basu kuɗin tara ba. Ki daina gasa da yara 94 wajen ɗaga murya, ba za ki ci ba, ki koya musu alama guda, tafi uku ko ɗaga hannu, in an yi kowa ya yi tsit. Kuma makin, ba dole bane ki kwashi littafi 94 a buhu ki hau adaidaita da su kullum, ki riƙa yin na layi biyu a rana a cikin aji yaron na tsaye kusa da ke, ya fi amfani ma don yana ganin gyaran.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfinki, kuma bana so ki ɗora wa kanki su. Manufar ilimi ta ƙasa cewa ta yi malami ɗaya yara 35 a firamare, ke kina riƙe da kusan aji uku ke kaɗai. Tun dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 aka ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, a 2019 gwamnatin Kano ta sake jaddada hakan, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a jihar. Yara sun yi ta shigowa, abin farin ciki ne wallahi, gara suna aji da a ce suna kan titi, amma gina aji da ɗaukar malami basa tafiya da saurin haihuwa da saurin shigowar mutane birni. Benci, banɗaki, ruwan sha, murfin taga, alli, waɗannan ba daga albashinki za su fito ba. Abin da ke kanki shi ne ki rubuta su. Shafi ɗaya tak, yara nawa ke zaune a ƙasa, kwana nawa aka rasa saboda yoyo, yara nawa basu da littafin rubutu, ki kai wa hedimasta cikin ladabi kice Malam ga abin da na gani a ajina ko zai yi amfani in kwamiti zai zauna. Ni a matsayina na shugaba irin wannan takarda ita nake nema in zan je gaban SBMC ko mai unguwa ko tsofaffin ɗalibai ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, don in na ce muna da matsala kowa zai gyaɗa kai ne kawai, in na ce yara 41 a aji uku a kan siminti suke zaune cikin sanyin nan sai ki ga wani ɗan kasuwa ya ce a kawo masa lissafin tabarma.

Satin farko na hutun nan dai ki huta, ki yi barci, ki je gida ki gaida su Mama, kar ki taɓa takarda ko ɗaya. Sati na biyu ki yi aikin rajista da sunayen da takardun jarrabawa, ki yanka kwalinki ki rubuta shi da maka manya-manya. In an koma kin yi gwajin, ki turo min adadin yaran da suka faɗa kowane gida, sai mu ga yadda za a raba su rukuni uku a samu ko minti 30 ne kullum da safe kafin a shiga sikim. In 'yan gidan haruffa sun haura 30 za mu nemi hedimasta ya haɗa ki da malamar aji biyu ku riƙa musayar yara a wannan rabin awar, ita ta ɗauki masu haruffa ke ki ɗauki masu kalmomi na ajin biyu duka, mun yi haka a makarantarmu shekara biyu a jere kuma bai buƙaci ko sisi ba sai gyaran jadawali.